Azumin da Aka Zo Koya Mana Sulhu

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina. Ya yi zagayensa na shekara talatin da 'yan kai, ya dawo ya same ni da furfura. Ruwan farko ya sauka ana saura kwana biyu a kama baki, ƙasa ta ɗauki ƙamshin nan da ke hana manomi zama. Ni kuwa makon farko na azumi a kan kujerar roba na yi shi, a wani ɗakin taro a nan cikin Birnin Gwari, da kati rataye a wuyana an rubuta sunana, sai ka ce akwai wanda bai san Malam Shehu hedimasta ba a garin nan. Wai an zo koya mana sulhu. Mu arba'in aka tara, malaman makaranta da na asibiti da na gona, limamai biyu, fasto ɗaya, da irina tsofaffin ma'aikata da aka ga ba mu da abin yi. Kwana biyar za a yi ana horar da mu yadda ake sasanta rikici da gina zaman lafiya, a makon da duk mai hankali yake gona da iri a hannu.

Babban mai horon Dokta muke ce masa. Matashi ne fes-fes, Bahaushe ɗan Kaduna, mai fara'a da yawan cewa madalla. Da rakiyar jami'an tsaro suka shigo gari, aka sauke su a wani masauki mai doguwar katanga, mota ta ɗauko su zuwa ɗakin taro, ta mayar da su kafin la'asar. Ko kasuwa ba su leƙa ba. Ban ga laifinsu ba a nan, rai ba abin wasa ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutumin da bai taɓa jin ƙarar bindiga a bayan gidansu ba ya tsaya yana zana mana bishiya a farar takarda, wai ga saiwar rikici, ga gindinsa, ga 'ya'yansa, mu kuma mu kwafa a littafi. Mu da muka gaji da zuwa maƙabarta saboda 'ya'yan bishiyar nan. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba wani limami alƙalami mai kauri ya zana albasa, wai shi rikici ɓawo-ɓawo ne. Janareta na ta ruri, fanka na juya iska mai zafi, bakuna sun bushe, ana ta tafi.

A rana ta uku Dokta ya ce karatu ya isa haka. Yana son rikici na gaske, mai rai, wanda za a kawo gobe a sasanta a gabanmu mu ga yadda ƙwararru ke yi. Kowa a wurin yana da rikici goma a unguwarsu, kuma kowa ya san ba a shanya su a bainar jama'a. Ni ne na ɗaga hannu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ba wani abu ya sa ni ba illa kwana biyu ana yaba wa yaran da na koya wa baƙaƙe, ni ba wanda ya ce mini madalla. Sai na ba su labarin Malam Tanimu.

Malam Tanimu dattijo ne daga wani ƙauye gaba da Gwaska. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu bara, ya shigo gari da buhu ɗaya da fartanya, ya sauka a gidan maƙwabcina Sale, mijin 'yarsa Hauwa. Sale yana da gona ɗaya tak a bayan gari, irin wadda in aka yi harbi mutum zai iya rugowa gida da ƙafa. Yanzu irin waɗannan su ne gonaki, sauran an bar wa daji. Da rani Sale ya aika ta bakin Hauwa cewa in ruwa ya sauka Baba ya noma rabi. Da ruwa ya sauka sai ƙannen Sale suka je suka yi huɗa daga wannan iyaka har waccan, ba wanda ya ce wa tsoho komai. Shi ma bai ce komai ba. Ya dai fito da fartanyarsa ya sake mata ƙota, ya fara zama wajen 'yan acaɓa yana tambayar yadda hanyar ƙauyensu take. Duk unguwa mun gane. In bai sami inda zai sa iri a nan ba, gonarsa ta cikin daji zai koma, inda waɗanda suka koma kafin shi ba duka suka dawo ba.

Dokta ya ji daɗi har yana murza hannu. Da na zauna sai Rifkatu, malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna da ta shekara ashirin a garin nan, ta matso da kujerarta.

"Malam Shehu, tsohon nan ba surukin Sale ba ne?"

Na ce shi ne.

Ta dube ni ta ce, "Har kai ma?" Ta ja kujerarta ta koma.

Har ni kuwa. Ni da ya kamata in fi kowa sani, don an taɓa yi da ni, a wancan azumin da ya faɗo a irin wannan lokaci.

Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye wajen Damari, aurena da Rabi bai cika shekara ba. Mahaifinta, Baba Audu, ya ba ni wani yanki na kwari a bakin rafi in riƙa nomawa. Bai ba ni baki da baki ba, ƙaninsa ya turo ya nuna mini iyaka. Haka ake yi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa a gefe, ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ban taɓa kama sunansa ba, shi ma in zai ambace ni sai ya ce malamin makaranta.

Shekarar ta fara da kyau. An yi ruwa biyu masu nauyi, kowa ya fita shuka, gero da masara suka fito suka yi kamar tsawon yatsa. Ana kama azumi sama ta ɗauke. Mako ɗaya muka ce hutu ne. Mako biyu muka fara fita ƙofar gida da la'asar muna kallon gabas. Hadari kan haɗu baƙi ƙirin, a ji tsawa daga nesa, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari sama fes kamar an wanke kwano.

Kwanakin duk iri ɗaya suka zama. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da ba ta ga mai ba, a yi sallar asuba, in saɓa fartanya in leƙa gona kafin lokacin makaranta. Da sassafe shukar kan miƙe kamar za ta yi rai. Kafin hantsi ya ɗaga ganyen ya nannaɗe, kafin azahar ya kwanta. Ƙasa takan yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi. A aji yara kan kifa kai a kan benci, ni ma harshe ya manne mini a ganɗa, sai in rubuta aiki a allo in zauna. Da azahar maza kan jiƙa riga su kwanta a gindin tsamiyar masallaci, ba mai hira. Rumbuna sun yi ƙasa, mai gida kan shiga da kansa ya auno, kuma abin da ya auno jiya ya fi na yau. Kunun shan ruwa ya tsinke har kana ganin ƙasan ludayi.

Dajin nan da yanzu sai an rage murya ake ambatonsa, shi ya riƙe mu. Mata kan fita ayari tun da duku-duku da ƙorai a ka, su dawo da hantsi da 'ya'yan kaɗanya da ɗinya da ganyen tafasa da rama. Rabi takan yi kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, ta dama garin ɗorawa a ruwa, mu sha ruwa da su. Abin tsoro a dajin a lokacin bai wuce maciji da ɓatan hanya ba. Sau biyu aka fita roƙon ruwa, manya da yara, aka juya riguna, aka yi ta addu'a a cikin rana har wani tsoho ya faɗi. Muka dawo gida a bushe.

A duk ƙauyen, kwarin bakin rafi kaɗai ke da sauran laima. Ni rabin yankina na samu na shuka, saboda makaranta, ina cewa in an yi hutun ƙarshen mako in ƙarasa. Ran Asabar na je na tarar 'ya'yan Baba Audu maza sun huɗe sauran rabin sun zuba irin masararsu na ƙarshe, har sun ci kunya biyu daga cikin nawa. Yau na san dalili. Gonarsu ta tudu ta mutu, gidansu baki ashirin ne, nawa biyu. A ranar kuwa ban ga komai ba sai raini. Ga azumi, ga rana, ga girman kan ɗan boko mai albashi.

Na koma gida na yago takarda daga littafin makaranta, na ja layi da rula, na rubuta wa surukina wasiƙa. Na jera ƙorafina ɗaya bayan ɗaya da lamba, na ɗaya, na biyu, har na huɗu, na sa hannu a ƙasa da kwanan wata. A ganina na yi abin wayewa, na faɗi gaskiya ba zagi ba hayaniya. Abin da ƙwaƙwalwata ta boko ba ta ba ni ba shi ne Baba Audu ba ya karanta boko. Ya ɗauki takardar ya kai wa malamin shan magani ranar kasuwa, yana zaton saƙon gaisuwa ne ko takardar haraji. Shi kuwa ya buɗe murya ya karanta masa a cikin rumfa cike da mutane, tun daga na ɗaya har na huɗu.

Baba Audu ya miƙa hannu. Ya karɓi takardarsa ya ninke ya sa a aljihu. Washegari uwar Rabi ta aiko wai ta zo ta taya ta aiki. Rabi ta ɗaura mayafi ta fita ba ta dube ni ba. Na auna gero daga ɗan abin da ya rage mini, na haɗa da sukari na aika musu na shan ruwa, aka dawo mini da shi ko ɗaurin ba a kwance ba. Kwana tara na yi ni kaɗai a gida, ina shan ruwa da garin ɗorawa da na kasa damawa daidai. A masallaci ana amsa mini sallama a taƙaice. Ban san ana iya jin yunwa da kunya a lokaci ɗaya har a rasa wadda ta fi ciwo ba sai a kwanakin nan.

A rana ta goma Goggo Dije ta zo. 'Yar ƙanwar mahaifin Baba Audu ce, wato taubashiyarsa, kuma kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi, abin da ta ga dama za ta faɗa masa ko a gaban waye. Gajeruwa ce mai sayar da daddawa, warin kayanta kan riga ta shiga gida. Ta same ni a zaure, ba ta ko zauna ba.

"Kai ne mai na ɗaya da na biyu?"

Na durƙusa na ce, "Goggo, bari in faɗa miki yadda aka yi."

"Riƙe abinka. In na ji naka sai na ji nasa, in na ji duka biyu sai na ce wani ya fi wani gaskiya. To wanda aka kayar, a wane gari zai zauna? Na biyar ɗin da ka manta ba ka rubuta ba, kai sakarai ne. Ba ni ruwa in wanke ƙafa."

Daga wurina ta wuce ƙofar gidan Baba Audu, da yamma, lokacin da maza ke zaune a kan tabarma suna jiran magariba. Waɗanda ke wurin ne suka ba ni labari daga baya. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Audu marowaci, an ce ka tsufa har kana kokawa da yara a kan laka."

Ya ce, "Ke tafi can da warin daddawarki, kada ki karya mana azumi."

"Ba inda za ni. Kwarin nan na bakin rafi na ƙwace. Tun muna yara kake cinye mini rabona na ɗinya, yau na fanshe. Bana gonata ce daga sama har ƙasa, mai ƙarfi ya zo ya hana ni."

Mutane suka fashe da dariya. Shi ma, wanda aka ce kwana goma ba a ga haƙorinsa ba, ya yi dariya ya ce, "Ɗauka, uwar kwaɗayi. Allah ya sa ta shaƙe ki." Shi ke nan gona ta tashi daga hannuna, ta tashi daga nasa, ba wanda ya ci wani.

Ruwa ya dawo ana saura kwana biyar salla. Da la'asar ne, iska ta fara kamar yadda ta saba yaudararmu, ba wanda ya ko tashi. Sai muka ji ɗigo a kan kwanon masallaci, ɗaya, biyu, sannan ya ɓarke. Tsofaffi suka fito suka tsaya a ciki da rigunansu, baki a rufe saboda azumi, ruwa na bin gemu. Kwana biyu yana yi. Gonakin tudu sai sabuwar shuka, ga iri ya yi wuya, mai gero ya ba mai dawa, aka yi ta musanye da ɗan gwangwani.

Goggo Dije ta kira gayya a gonarta ta ƙwace, don ciyawa ta taso wa masarar. Ba kiɗa ba fura, azumi ake yi. Ita ta tsara mutane da sanda a hannu. Ta sa Baba Audu da 'ya'yansa a can ƙasa bakin rafi, ta sa ni a sama wajen tsamiya, ta zuba sauran mutanen gari a tsakani. Muka duƙa. Laka na kama fartanya, gumi na shiga ido, maƙogwaro kamar an zuba toka. Ina noma ina gangarawa, ina jin ƙarar fartanyarsu tana hawowa, ban san abin da zan yi ba in muka haɗu a kunya ɗaya. Da ya rage kamar kunya goma tsakaninmu sai ta buga sanda a ƙasa ta ce ya isa, sauran na mata ne, kowa ya kama gabansa kafin ya suma mata a gona.

Ina wanke fartanya ta zo wucewa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gonar tsohon nan ta tudu tana son hannu. Ni dai ban aike ka ba."

Washegari da sassafe na je na kama shuka a gonarsa ni kaɗai. Can na hango shi tafe da sanda. Ya hango ni, ya tsaya, ya shafa aljihu kamar wanda ya manta wani abu, ya juya ya bi wata hanya. Kwana uku ina zuwa, kwana uku yana mantuwa. Ranar jajibere da yamma Rabi ta yi sallama da ƙwarya a ka. Ta sauke, fura ce. Ta ce, "Sannu da gida," ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar tsakar gida tana mitar yadda na bar wurin.

Da kaka Goggo Dije ta sa aka kwashe amfanin kwarin aka kai ƙofar gidanta. Ta ware nata, ta aika wa Baba Audu kaso mai yawa wai sadaka ce ga tsoho marowaci, ta aiko mini da nawa wai ladan rubutu. Bai ishe mu ba, shekarar yunwa ce har wata damina, mun ci dusa mun ci rogon daji. Amma kwano na fita daga gidansu zuwa nawa, yana fita daga nawa zuwa nasu. Baba Audu ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, bai taɓa cewa ya yafe ba, don da ɗayanmu ya furta da ya tabbata an yi abin. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Duk wannan yana cikin kaina ranar da na ɗaga hannu a ɗakin taro. Har ma na riga na aika Tsohon Birnin Gwari a nemo wata tsohuwa da aka ce taubashiyar Malam Tanimu ce, ta ce sai ranar kasuwa za ta samu mota. Kwana uku kawai ya rage.

Da safiyar rana ta huɗu na tari Dokta a bakin ƙofa na ce, "Dokta, mutanen nan fa surukai ne. Ba a haɗa su."

Ya dafa kafaɗata, ni da na haifi kamarsa. "Shi ya sa ma, Baba. Wannan al'adar ta yin shiru ita ke kashe mu. Dole a buɗe ciki, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ka zuba ido ka gani."

Da na so da na tsaya a kan bakana. Amma an riga an tura mota, kuma ban so a ce tsohon hedimasta ne ya ɓata shiri. Na koma kujerata.

An ce musu manya daga Kaduna ke son ganinsu. Malam Tanimu ya sako babbar rigarsa guda ɗaya da ya tsira da ita, yana zaton rabon iri za a yi. Aka jera mu da'ira, aka ajiye kujeru biyu a tsakiya suna fuskantar juna, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Da Sale ya ga inda za a zaunar da shi sai ya cire takalmi ya nemi durƙusawa a ƙasa. Dokta ya kama hannunsa ya ɗaga shi.

"A'a, a nan kowa daidai yake da kowa. Zauna. Yawwa. To ku dubi juna, ido cikin ido."

Ba wanda ya dubi wani. Tsoho na kallon yatsun ƙafarsa, Sale na kallon fanka. Limamin da ke kusa da ni ya fara jan carbi da sauri. Dokta ya karanta musu dokokin zama daga takarda, ba katse magana, ba zagi, kamar akwai mai shirin yi. Sannan ya duƙa wajen tsohon da murya mai taushi.

"Baba, faɗa wa Sale abin da kake buƙata daga wurinsa. Kira sunansa, ka ce, Sale, ina buƙatar kaza."

Dattijo mai shekara saba'in, wanda rumbunansa uku suka ƙone a gabansa, wai ya buɗe baki a gaban mutum arba'in ya roƙi mijin 'yarsa. Can ya ce, "Ba ni da buƙatar komai. Alhamdu lillahi."

Dokta ya juyo ya ce mana mu lura, wannan shi ake kira ɓawon farko. Ya koma kan Sale. Ya tambaye shi yadda yake ji, Sale ya ce lafiya lau. Ya sake tambaya, ya sake juya tambayar, ya ce kada ya ji tsoro, nan wurin aminci ne, me ya sa bai hana ƙannensa ba, mene ne ainihin abin da ke damunsa. Sale talaka ne mai jin nauyin manya, bai san ana ƙin amsa tambayar mai babbar mota ba. Gumi ya jiƙa masa riga. A ƙarshe ya ce, a hankali, amma kowa ya ji, "Wallahi bakuna ne sun yi yawa a gidan. Abincin ba ya kaiwa."

Na ga kafaɗar tsohon ta motsa sau ɗaya. Rifkatu ta tashi ta fita. Dokta kuwa fuskarsa ta washe, ya ce madalla, mun iso saiwa, a tafa wa Sale saboda ƙarfin hali. Wasu suka tafa. Ni ban tafa ba, kuma ban ce komai ba, wannan ne iyakar jarumtata a ranar.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Aka rubuta yarjejeniya, rabin gona na Malam Tanimu, rabi na Sale. Duk abin da aka karanta tsoho ya ce to. Aka dangwala musu yatsa a tawada, aka sa su yi musabaha, aka ce su riƙe hannun kada su saki sai an ɗauki hoto. Wani daga cikin masu horon ya ce Baba ya ɗan yi murmushi. Washegari aka raba mana takardar shaida mai zanen kurciya, aka ce yanzu mun zama ƙwararrun masu sasanci, baƙi suka bi rakiyarsu suka tafi tun kafin azahar.

Ban je karɓar tawa da wuri ba, don da sassafen ranar na biya ta wajen 'yan acaɓa. Na sami Malam Tanimu ya riga ya hau bayan babur, buhu a cinya, fartanya ɗaure a baya, ɗan ƙunshin iri a hannu. Ba babbar riga, ya bar wa Hauwa.

Na ce, "Malam Tanimu, ina zuwa haka? Ai an ba ka rabi."

Ya ce, "An ba ni, Malam."

"To ka sauko mana. Ka san yadda hanyar nan take. Ko don Hauwa."

Ya gyara zaman buhunsa. Bai yi fushi ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Yaron kirki ne, bai yi ƙarya ba. Ni ma na san abincin ba ya kaiwa, ina ganin kwanon. Amma da ban ji ba, shi ma bai faɗa ba. Yanzu ta ina zan sa hannu?" Ya taɓa kafaɗar ɗan acaɓan ya ce, "Mu je, rana na yi."

Yau kwana goma sha takwas. Ruwa na sauka yadda ake so, bana ba fari. Masarar Sale ta kai gwiwa a rabinsa. Ɗaya rabin kuwa, ƙannensa sun tuge abin da suka shuka tun ranar da aka sa hannu, ba wanda ya isa ya taɓa shi tunda takarda ta ce na tsoho ne, ciyawa ta rufe shi. Sale ya daina zama a majalisa. Wayar Malam Tanimu ba ta shiga, amma can dama ba ta cika shiga ba, haka muke ta faɗa wa juna. Kullum bayan la'asar Hauwa takan ɗaura mayafi ta wuce ta ƙofar gidana zuwa wajen 'yan acaɓa, ta gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa tambayata wanda ya kai labarinsu ɗakin taro ba. Jiya wanda ya kai mahaifin nata ya ce mata ta yi haƙuri ta daina tambayarsa, shi ya bar bin hanyar.